Katifar da Aka Janye wa Kawu Tsaka

Kawuna mai aikin famfo ne, kuma tun kafin a haife ni ake kiransa Tsaka. Kakata ce ta laƙa masa sunan, ba kuma don yabo ba. Ta ce tun yana rarrafe ba ta taɓa ajiye shi a ƙasa ta dawo ta tarar da shi a ƙasa ba. Ko yana kan tebur, ko ya maƙale a ƙarfen taga, ko yana saman katanga yana leƙen gidan maƙwabta. Da ya girma sai ya zaɓi sana'ar da za ta ba shi hujja, wato ɗora tankunan ruwa a saman gidaje. A unguwarmu in ka ɗaga kai ka ga baƙin tanki a kan bene, da wuya in ba hannunsa ne ya ɗaure bututun ba.

Gajere ne siriri, mai faɗin tafin hannu, yatsunsa duk kanta. Shagonsa yana tsakanin na mai walda da na mai gyaran kujeru, cike da bututu da gam da sifana, ga tsaninsa da ya fi kulawa da shi fiye da rigunansa. Ba shi da yawan magana. In ransa ya ɓaci sai dai ka ga yana ta goge sifanar da ba ta yi datti ba. Shi ya sa ni ɗan ƙanwarsa nake taya shi fushi, kuma ku yi haƙuri, da fushin zan ba da wannan labari.

A bayan gari akwai wasu duwatsu curi-curi, kamar an zazzage su daga buhu, babban cikinsu bai fi ɗaki tsayi ba. Tun yana yaro Kawu yake hawansu ba takalmi, kuma ba ta inda kowa ke bi ba. Sai ya zagaya ya nemi gefen da ya fi santsi, ko wanda ya rankwafo kamar goshi. Bai san abin yana da suna ba sai ranar da ya je gyaran famfon kicin a gidan wata malamar asibiti. Talabijin na kunne a falo, ya leƙa ya ga manya da hankalinsu sun maƙale a bango ba igiya, an shimfiɗa musu katifa a ƙasa, jama'a na ta tafi. Nan ya tsaya da sifana a hannu har ruwan kicin ya biyo shi falo ya jiƙa kafet. Matar ta wanke shi tas, ya ce shi bai ji ko kalma guda ba.

Daga nan ya shiga haɗa kaya. Mai gyaran kujeru ya ɗinka masa katifa mai naɗewa, soso mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa, aka lulluɓe da tampol aka sa mata madauri don goyawa. Takalmin hawa kuwa a kasuwar gwanjo ya tsinto shi, ɗan matsattse mai tafin roba wanda mai sayarwar ya ɗauka na rawa ne. Matarsa, wadda muke kira Inna, kullum cikin mita take, wai mutum da furfurarsa ya rasa abin yi sai kokawa da dutse. Amma ita ce ta ɗinka masa ƴar jakar da yake zuba garin alli, wanda ake shafawa a hannu don kada gumi ya sa santsi.

A hankali muka taru a bayansa, ni da mai walda da wani malamin makaranta. Dokarsa guda ce, kuma ba ya wasa da ita. In mutum yana sama, dole wani ya tsaya a ƙasa ya tara hannu, idonsa a kan ƙugun mai hawa. Ba a ce ka cafe shi kamar jariri ba. Aikinka ka karkata shi ya faɗa kan katifa, kansa bai bugi dutse ba, in kuma ya matsa gefe ka ja katifar ta bi shi. Mai tara hannu ba ya amsa waya, ba ya shan ruwa, ko ƙuda ba ya kora. Wata rana mai walda ya juya ya amsa gaisuwar wani mai wucewa ina sama, Kawu ya daɗe bai shiga shagonsa shan inuwa ba. Ni mai jiki ne, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa na faɗo a kan wannan siririn mutum. Ban taɓa ko gurɗewa ba.

Babbar ƴarsa, taubashiyata, ta auri wani akanta, aiki ya kai su wata ƙasa mai nisa. Da ta haihu aka yi mata aiki, sai suka aiko iyayen su je su zauna da su na ɗan lokaci. Kawu ya yi murnar jika, ban hana shi ba. Amma na ga yadda fuskarsa ta canza da ya gano cewa kusa da birnin akwai wani daji cike da duwatsu, irin waɗanda yake kallo a waya lokacin hutun rana. Tun daga ranar, duk wanda ya zo sayen gam sai ya same shi yana lilo da yatsu a ƙarfen ƙofar shago. Na tsokane shi na ce jikan zai gani ko duwatsun, ya ce ai duka jikokin Allah ne.

Tun a filin jirgi abin ya fara. Suka ce katifar ta yi girma, ba za ta shiga ba, ni na goyo ta na dawo da ita gida kamar an koro ni daga haya. Can kuma da suka sauka, aka buɗe jakarsa aka ga farin gari a gwangwanin madara. Suka shige da shi wani ɗaki, suka kawo kare ya shinshina, suka ɗiba suka gwada a na'ura. Na'urar ta ce alli ne. Kawu ya nuna musu takalmin, ya nuna musu hotunan hawa a wayarsa, jami'in ya gyaɗa kai alamar ya gane, sannan ya juye gwangwanin a kwandon shara a gabansa. Duk wannan Inna na zaune a kan akwati da kumburarrun ƙafafu. Da ya fito sai ta ce ai gara da ba su gwada kansa a na'urar ba.

Akanta mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ɗauki kaya, ya bar musu ɗakin da ya fi ɗumi. Amma da ya ji maganar duwatsu sai jikinsa ya yi sanyi. Ya gaya wa matarsa a ɓoye cewa in surukinsa ya karye a hannunsa, da wane ido zai kalli dangi. Bai iya cewa a'a ba, sai ya riƙa cewa Baba ku huta tukuna, Baba an ce za a yi ruwa, Baba sai ƙarshen mako. Ƙarshen makon kuma in ya zo sai a sami sayayya ko baƙi. Kawu kuwa kunyar suruki ba ta bar shi ya maimaita roƙo ba.

Sai ya fita nema da kansa, da ɗan harshen da ya koya a makaranta, wanda mutanen can ma sama-sama suke jinsa. Ya sami shagon da ke ba da hayar kayan hawa. Ya ce katifu ne jibge har rufi, kala-kala, kamar burodi a kanta. Yarinyar shagon ta yi murmushi ta ce ba a ba wa wanda ba shi da katin zaman ƙasa. Ya miƙa fasfo, ta ce ba ya yi. Yana tsaye a wurin wani ya shigo, ko aljihu bai taɓa ba, ta miƙo masa katifa suna hira. Kawu ya sayi alli kawai ya fito.

Daga nan ya je zauren hawa, wani ƙaton ɗaki da aka manna wa bangonsa ƙulle-ƙullen roba masu launi, ƙasan duk katifa. Suka ce sabon zuwa sai ya yi darasin farko. Mutumin da ya shekara aru-aru yana tafiya a bakin rufin bene da bututu a kafaɗa, aka liƙa masa takardar sabon shiga a ƙirji, aka jera shi da ƴan makaranta ana koya musu yadda ake faɗuwa. Ya yi darasin. Abin da ya dame shi shi ne kowa ya toshe kunne da abin jin kiɗa. In ya yi sallama sai a ɗaga masa gira. In ya tambayi wanda zai je daji sai a ce za a duba. A ƙarshe mai karɓar baƙi ya tausaya masa ya sa lambarsa a wani zaure na waya inda masu hawa ke neman abokan tafiya. Taubashiyata ta rubuta masa saƙo da hannu guda, ɗayan na riƙe da jariri: baƙo ne, ya daɗe yana hawa, ba shi da katifa amma ya iya tara hannu.

Aka yi shiru har ya fara fid da rai, sai wani ya amsa. Su biyu ne, suna da mota da katifu, suna neman na uku. Inna ta ce ko ranar aurensu bai goge wando kamar yadda ya goge na tafiyar nan ba.

Da safe suka zo ɗaukarsa, matasa ne majiya ƙarfi. Kawu bai riƙe sunayensu ba, Mai Gemu da Mai Kamara yake ce musu. Mai Gemu shi ne gwanin hawa, Mai Kamara kuma shi ke ɗaukarsa bidiyo suna sakawa a shafinsu. Da aka isa bakin daji aka ajiye mota, sai aka ɗora wa Kawu katifun duka biyu. Wai Mai Kamara yana da nasa kayan, Mai Gemu kuma yana tattalin kafaɗarsa. Dattijo sa'an ubansu ya bi su a baya cikin yashi da saiwoyi, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu. Da yake ba ni labari na ce Kawu ai nan ya kamata ka gane. Ya ce wanda aka rage wa hanya ba ya zaɓen kujera.

Dajin kuwa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Dogayen itatuwa, sanyi, ƙasa a jiƙe, duwatsu masu ruwan toka ko'ina ka juya. Ya shafa ɗaya ya ji shi kamar harshen kyanwa, yana kama fata. Ya ce sai da idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora wa iska laifi.

Tun safe har rana ta karkata Mai Gemu yana fama da dutse guda mai rankwafowa. Kawu ne a ƙasa. Shi ke jan katifa, shi ke goge wurin riƙo da buroshi, shi ke tara hannu. Yaron ya yi ta faɗowa, Kawu yana ta karkata shi. Akwai faɗuwar da ya taho ta ka, saitin wani tsinin dutse, Kawu ya tare shi da ƙirji suka zube tare a katifa, gwiwar hannun yaron ta fasa masa leɓe. Mai Gemu ya tashi ya bubbuga masa kafaɗa. Mai Kamara kuwa roƙo guda ya yi masa, wai ya riƙa tsayawa ɗan hagu, yana shiga hoto.

Sai da Mai Gemu ya gaji ya zauna cin abinci sannan Kawu ya tambaya ko shi ma zai ɗan taɓa. Suka nuna masa wani dutse kusa, suka ce ya hanzarta haske na tafiya. Ya shimfiɗa katifa da hannunsa, ya nuna wa Mai Gemu inda zai tsaya, ya nuna masa da yatsa cewa can sama zai bi ta dama, sai a ja katifar. Yaron ya ce ya gane, ya tara hannu. Kawu ya sa takalminsa na gwanjo, ya shafa alli, ya yi bisimilla.

Ya ce tun da yake bai taɓa jin daɗin hawa kamar na wannan ɗan lokaci ba. Dutsen kamar yana miƙo masa hannu. Ya kai kusa da sama, ya fara bi ta dama, bai dubi ƙasa ba, don a saninsa wanda ke sama ba ruwansa da ƙasa. Wurin da ya ɗora ƙafa akwai gansakuka a jiƙe. Ƙafar ta zame, ya saki jikinsa yadda ya saba, yana jiran hannu da katifa.

Babu ko ɗaya. Mai Gemu ya ga dattijon ya iya, sai ya koma gefe yana duba hotunan kansa a waya. Katifar kuwa Mai Kamara ne ya janye ta baya. Yana son ya ɗauko hoton daga ƙasa, ƙasar a jiƙe take, ba ya son wandonsa ya ɓaci, sai ya jawo ta ya durƙusa a kai. Kawu ya dira da dunduniyar dama a kan saiwar itace da ta fito kamar ƙarfe. Ya ce ƙarar da ya ji irin ta tsohon bututu ce in an taka shi.

Suka tsaya a kansa suna gardama da harshensu, ko a ɗaga shi ko a bar shi, wa zai kira wa. Wata dattijuwa mai yawo da kare ce ta kira motar asibiti, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe shi, ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta riƙe masa hannu har masu ɗaukar marasa lafiya suka iso da gadon ɗauka. Kafin a ɗaga shi, yaran sun naɗe katifunsu. Wannan karon su suka goya abinsu. Asibitin ba su bi shi ba.

Ƙashin dunduniyar ya farfashe, sai da aka sa ƙarfe da kusoshi. Akanta ya baro ofis ya iso a guje. Kawu ya juya fuska bango don kunya, yana jiran a ce ai an faɗa masa. Akanta bai ce ba. Ya tattara takalmin hawan da aka yanka da almakashi, ya sa a leda, ya zauna. Da aka tambayi Kawu yadda abin ya faru sai ya ce santsi ne, ƙaddara ce, ya rufe bakinsa. Inna ta yi kukanta a banɗaki ta fito ta ci gaba da mita.

Da an bar shi haka, da har yau santsi muka sani. Amma ana cikin jinya sai yaran suka saki bidiyon a shafinsu. Suka sa masa kiɗan ban dariya, suka maimaita faɗuwar a hankali, suka rubuta a ƙasa cewa kowa ya san iyakarsa, duwatsu ba wurin wasan baƙi ba ne. Abin ya yaɗu har ya iso mu. Mai walda ne ya miƙo mini wayarsa. Na ga kawuna yana faɗowa ana kiɗa, na ga dubban mutanen da ba su san shi ba suna dariya, wasu na cewa irinsu ne ke sa a rufe wa mutane daji. Abin da ya fi ƙona mini rai, har a layinmu akwai masu tura wa juna suna cewa tsoho ya je ƙasar waje ya nuna hali. Mutanen da ruwan da suke wanka da shi, shi ya hau ya haɗa musu.

Akanta shi ma ya gani. Mutum ne mai bin abu dalla-dalla, sai ya yi ta maimaita shi yana tsayarwa. A ƙarshen bidiyon, daidai inda kamarar ta sunkuya, ya hango gefen katifa da gwiwar mutum a kai. Lokacin an sallamo Kawu, yana kwance a falo ƙafa a kan matashi. Akanta ya zo ya durƙusa kusa da shi, kuma a karon farko tun da ya auri ƴarsa ya dube shi ido cikin ido.

"Baba, lokacin da kuka faɗo, ina katifar take?"

Kawu ya ce tana nan kusa.

"A ƙarƙashinku?"

Kawu ya ce, "A ƙarƙashin mai ɗaukar hoto."

Taubashiyata ta ce tun da take da mijinta ba ta taɓa ganin kunnensa na rawa ba sai ran nan. Ya je zauren hawan, manajan ya ce abin ba a harabarsu ya faru ba. Ya je wurin lauya, aka ce masa wasa ne na ganganci, kowa da kansa ya kai kansa, kuma babu wata yarjejeniya a tsakaninsu. Ya rubuta a zauren waya da wayar Kawu, aka goge saƙon aka cire lambar Kawu, wai ba a son rigima. Sai mutumin nan mai kunya, wanda ko a layin biyan kuɗi aka shiga gabansa ba ya magana, ya riƙa tashi daga ofis yana zuwa ƙofar zauren hawan da rigar aikinsa. Duk wanda zai shiga sai ya tare shi da ladabi ya nuna masa hoton gwiwar nan a kan katifa. Wasu suka kauce, wasu suka tsaya suka duba. A hankali magana ta fara juyawa a shafin yaran, mabiyansu suka fara yi musu tambayoyi. Sai ga saƙo, wai suna son su zo su duba Baba.

Suka zo da rana da furanni a hannu. Inna ta buɗe musu, ta koma ta tsaya a ƙofar kicin da jariri a kafaɗa. Mai Gemu ya zauna ya yi dogon jawabi, Akanta na fassarawa. Wai sun yi baƙin ciki ƙwarai, wai rashin fahimtar harshe ne, wai a al'adar masu hawa kowa shi ke da alhakin duba katifarsa kafin ya tashi. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da surukinsa, "Tambaye shi, da ya taho ta ka da safe, wa ya duba masa tasa?"

Mai Gemu ya ce ai ya gode da wannan, bai manta ba. Yana cikin faɗa sai suka ji ƙarar ƙarfe a bayansu. Mai Kamara ne yake buɗe ƙafafun kamararsa a tsakiyar falo. Ya ce abu kaɗan suke so, a ɗauka suna musafaha da Baba, ya yi murmushi ya ce komai ya wuce, don mutane su huce. Har ya roƙi a ɗan juya kujerar ta fuskanci taga, a matso da ƙafar mai bandeji gaba.

Inna ba ta jin harshen, amma wannan bai buƙaci fassara ba. Ta miƙa wa ƴarta jariri, ta ɗauki furannin ta kai su waje ta ajiye a bakin matakala. Ta dawo ta ɗauki kamarar da ƙafafunta gaba ɗaya, ta kai ta ajiye kusa da furannin. Akanta ya riƙe ƙofa a buɗe har suka fita. Daga baya sun sauke bidiyon, amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane wa zai sauke shi? Har yau yana yawo.

A keken marasa lafiya aka turo mana Kawu daga jirgi. Ƙafar ta warke, amma dunduniyar ba ta lanƙwasa kamar da, in an yi sanyi kuma sai ya ɗingisa. Likita ya ce ya manta da hawa tsani da kaya a kafaɗa. Yanzu aikin ƙasa yake yi, famfon kicin da na banɗaki, in an kawo aikin tanki sai ya tura wa wasu. Wani lokaci ina ganinsa a ƙofar shago ya ɗaga kai yana kallon wani yana ɗaure bututu a karkace a saman bene. Sai ya koma ciki ya ɗauki sifana.

Ya koma duwatsunmu, amma ƙananan yake bi, yana ratsa su ta gefe ba tare da ya yi sama ba. Ranar farko ni na tara masa hannu. Bai yi nisa ba sai na ga ya tsaya ya leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa yana duba ko ina nan. Ya ci gaba kaɗan, ya sake leƙowa. Na ce, "Kawu, ni ne fa." Ya ce ya sani, wuyansa ne ke yin abin da kansa. Na fi jin zafin wannan fiye da ɗingishin, kuma da na koma gida ban iya cin abinci ba.

Kwanakin baya Akanta ya kira. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce akwai wani saƙo da ya ga bai kamata ya ɓoye ba. Mai Gemu ne ya rubuto masa. Wai yana shirin zagaya ƙasashe yana hawa, ya ji Baba ya ce akwai duwatsu masu kyau a bayan garinmu da ba a taɓa ɗauka a bidiyo ba. Jirgi ba zai ɗaukar masa katifa ba, kuma bai san kowa a nan ba. Ko Baba zai taimaka masa da aron katifa, ya kuma haɗa shi da abokan hawa masu amana?

Muna zaune a tsakar gida Akanta ya karanto mana ta waya. Ni na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Kawu yana ta murza dunduniyarsa, kuma na rantse na ga alamar yana tunanin inda za a sauke baƙon. Inna ma ta gani. Ta karɓe wayar daga hannunsa ta ce, "Malam, kawo nan, wannan amsar tawa ce." Ta danna wurin ɗaukar murya ta fara. Ta faro daga gemun yaron, ta bi ta kan tarbiyyarsa, ta gangaro kan abokinsa da wandonsa da ba ya son ƙasa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya, ta tsaya sauraro. Sai da wayar ta yanke don kanta sannan Inna ta nemi ruwa.

Washegari Akanta ya ce ya saurara har ƙarshe, ya zauna zai fassara ya ga rabin kalmomin babu su a harshen can. Sai ya tura wa Mai Gemu muryar yadda take. An nuna masa alamar ya buɗe ya ji, amma bai sake rubutowa ba.